Nibon Maliki

Maliki taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne, ko alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Tun muna yara a Jiratawa yake kirana bawansa ina kiransa bawana, har muka yi furfura ba a raba wannan gardama ba. Ni magini ne, sunana Bilal, a Tibiri nake zaune. Shi kuwa direban tirela ne, shekara talatin da ɗoriya yana jan aya da wake daga Maraɗi zuwa Yamai, ya juyo da siminti ko shinkafa.

A cikin direbobi ba a san shi da gudu ba, ba a kuma san shi da kyauta ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: Maliki ba ya kwana a karkace, kuma ba ya raba kan mota da bodi.

Wannan ciwo yana da asali. Yana sabon direba, kansa na hayaƙi, ya biyo ta Jiratawa da lodin siminti. Ya tsaya a bakin gari kan rairayi, ya sauke ƙafafun bodi, ya zare kan motar ya shiga gari da shi yana ta danna hon har ƙofar gidan su Tsahara, wadda yake nema a lokacin. Kafin ya gama zuba mata ƙarya, ƙafafun sun nutse cikin yashi, bodin ya durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Sai da samarin gari suka sauke buhu ɗari shida da hannu, sannan aka ɗaga. Ni ina cikin masu saukewar, kuma ban bar shi ya manta ba ko na shekara ɗaya. Tsahara ta aure shi duk da haka, Allah ya ba ta ladan haƙuri.

Daga ranar ya rantse ba zai ƙara zare kai ba matuƙar da lodi a baya. Wannan hankali ne, ban ƙi ba. Amma sai rantsuwar ta haifi wata: tunda ba zai zare ba, to duk inda zai kwana sai motar gaba ɗayanta ta tsaya daidai, kada dama ta fi hagu ko da kaurin farce. Yana cewa in mota ta kwana a karkace lodi yana zamewa, ƙarafan ƙasa na gefe ɗaya suna gajiya, shi kuma jini yana taruwa masa a ka. Na ce masa in jini ya taru a kansa ai ya sami fili, babu abin da zai takura masa a ciki.

Ya ari nibo ɗina, wato ma'aunin da muke ɗorawa a kan bulo, mai 'yar kwalba da kumfa a ciki, wadda in ta zauna tsakanin layi biyu ka san gini ya miƙe. Yau shekara goma sha biyu da aron. Yana kuma da katakai uku da yake yawo da su, kowanne da sunansa: siririn shi ne Auta, matsakaicin Alhaji, mai kaurin kuma Hajiya.

In ya dawo daga Yamai, a Tibiri yake yada zango, a filin da ke gefen titi kusa da rumfar Bo'az mai faci, don ya shiga Maraɗi da sassafe a sauke kaya. Yakan iso da la'asar. Sauran direbobi su tsaya, su kashe mota, su yi alwala, su ci tuwo. Maliki kuwa a lokacin aikinsa ke farawa. Ya sauko, ya ɗora nibo a gefen bodi, ya girgiza kai kamar likita. Ya jawo Alhaji ya sa a gaban tayoyin gefen da ya yi ƙasa. Ya hau, ya matsa gaba taƙi ɗaya, ya sauko, ya duba. Ya yi yawa. Ya hau, ya koma baya, ya cire Alhaji ya sa Auta. Ya yi kaɗan. Ya tone ƙasa da hannu a ɗaya gefen. Haka zai yi ta hawa da sauka har a kira magariba, tuwonsa ya huce, kaji su gama zagaya kwanon. Babu yaron motar da ya taɓa yin wata biyu da shi, shi ya sa yake tafiya shi kaɗai.

Ni kuwa ba na rasa wannan kallo. Nakan zauna a bencin Bo'az ina ba shi shawara.

"Bawa, sa Hajiya mana. Ko tsoronta kake kamar ta gida?"

"Kai dai magini, je ka gyara katangar da ka yi ma liman, ta kusa yin ruku'u," in ji shi, ko waiwaye ba ya yi.

Bara ne abin ya canza, kuma ni na fara gani, don idon magini ba ya wuce karkatacce. Da farko sai na ga yana kai nibon har bakin hancinsa. Daga baya ya fara kirana.

"Taho ka diba, in ga ko ka san aikinka."

Mutumin da shekara goma sha biyu bai yarda wani ya taɓa masa nibo ba, ga shi yana jarraba ni kullum. Madubin motarsa na dama ya fashe sau biyu a wata ɗaya, ya ce 'yan kabu-kabu ne. Ya goge amalanken wani mai itace a mashigar gari, jakin ya faɗa rami, ya ce jakin ne ba shi da tarbiyya. Wata rana Bo'az ya miƙa masa kofin shayi ta gefe, hannunsa ya wuce kofin ya kama iska.

Sai na gwada shi. Ranar motar ta karkata yadda ko lemo ka ajiye a bodin sai ya gangara. Ya kira ni, na duba, na ce, "Ta zauna tsakiya."

"Na gani ai," in ji Maliki. "Gwada ka nike."

Ya kwashe sauran katakansa ya tafi alwala. Na tsaya a wurin ina kallon bayansa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Tan talatin yake ja, kuma titin nan ta gaban lakwal, wato makarantar boko, ya bi, inda yara ke tsallakawa da safe kamar 'yan tsaki.

Na same shi shi kaɗai bayan salla na ce, "Maliki, ba ka gani. Mu tahi likita."

"Ni da ke hangen kurajen ƙeyarka tun daga Gidan Runji?" Ya yi dariya, ya ja carbinsa.

A nan na gane ramin da na gina wa kaina. Shekara hamsin ina yi masa ƙarya a bainar jama'a. Na ce yana da ƙwarƙwata, na ce da goro ya sayi takardar tuƙi, na ce ya taɓa gudu ya bar mota saboda mage. Yau na zo da gaskiya, babu mai saye. Na faɗa a rumfar Bo'az, direbobi suka fashe da dariya, wani har ya tafa mini. Na je Jiratawa na gaya wa Tsahara, ta rufe baki da gefen zane ta ce, "Ku dai da wasanku, har ku tsuhwa ba ku bari." Na hau kabu-kabu na je unguwar Zariya a Maraɗi wurin mai motar, Hajiya Halimatussa'adiya, wadda ta gaji tireloli biyu daga mijinta take juya su fiye da yadda ya juya. Na cire hula, na tattara fuska, na faɗa mata.

"Malam Bilal," ta ce tana murmushi, "bara ka ce mani shina da farfaɗiya. Bana kuma makanta? Baɗi mi za ka kawo?"

Na roƙe ta abu ɗaya. Na ce ran Alhamis da la'asar ta zo Tibiri, in abin ya zama wasa ta sha dariya kyauta.

Ina da wani tsohon nibo irin nasa, launi ɗaya, tsawo ɗaya, sai dai kwalbarsa ta fashe tuntuni, ba ruwa ba kumfa, rami ne kawai wanda yatsa ke shiga. Ran Alhamis Maliki ya iso, ya ga motar Hajiya a gindin itacen bedi, sai ya ƙara gyara hula. Yau uwar ɗaki za ta ga yadda ake kula mata da dukiya. Ya ɗora nibo, ya sa Alhaji, ya hau mota. Yana hawa na musanya, a gaban kowa. Direbobi suka fara ƙyafta wa juna ido, ga taubashi zai yi abin nasa.

Ya sauko. Ya sunkuya a kan nibon, ya daɗe. Yau ba zai kira ni ba, ba a gaban Hajiya ba. Ya miƙe, ya ce saura kaɗan, ya ƙara Auta, ya hau, ya matsa, ya sauko, ya sake sunkuyawa. Sannan ya kakkaɓe hannu.

"Hajiya, taho ki gani. Kumfa ta zauna tsakiya cif. Shekara talatin haka nike kwana da motarku."

Hajiya ta taho. Ta dubi nibon, ta sa yatsa a cikin ramin, yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Wani direba ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

"Malam Maliki," ta ce a hankali, "taɓa nan."

Ya taɓa. Na ga yatsansa ya shiga ramin ya tsaya. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya juya kansa sannu sannu har sai da ya same ni, don ta gefe ba zai gan ni ba, ya dube ni. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli tun kafin a tambaye shi.

"Kada a zare kai," ya ce mata. "Ƙasar nan ba ta da ƙarhi."

Zan faɗi gaskiya a kaina, tunda na faɗa a kansa. Zan iya yin wannan gwaji a bayan mota, daga ni sai shi sai Hajiya. Ban yi ba. Na yi shi a fili, a gaban direbobi goma sha, kuma lokacin da yake ƙara Auta yana auna iska, wani abu a cikina ya ji daɗi. Wannan ce babbar nasarar da na taɓa yi a kansa, kuma na san da haka tun ina musanya nibon. Na ceci yaran lakwal, ban musa ba. Amma ba su kaɗai na je yi wa aiki ba ranar.

Hajiya ta kai shi wurin likitan ido a Maraɗi. Aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ta ɗiga magani a riƙe ragowar. Ya koma Jiratawa ya zauna. Tirelar tana hannun wani yanzu, yana ajiye ta yadda ta faɗi, ya tafi cin tuwo.

Da ƙaramar salla na shirya na je. Tun daga Tibiri nake wasa baki a hanya, na tanadi zagi uku masu kyau, na kuma shirya karɓar goma. Na same shi a zaure ya sha farar riga. Na ɗaga murya tun daga ƙofa na ce, "Ina makahon bawan nan nawa?"

Ya miƙe tsaye. Ya ba ni hannu biyu. Ya ce, "Malam Bilal, sannu da zuwa. An sha ruwa lahiya? Ina iyali? Ina wajen yara, su Fadila?" Ya bi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Na jefa zagi na biyu, ya ce, "To, madalla." Na uku ya maƙale mini a wuya.

Sai ya juya wajen cikin gida ya ce, "Tsahara, kawo ruwa, mun yi baƙo."

Ta kawo a kofin gilashi, a kan faranti. Na sha, na yi godiya, muka yi maganar damina.