Ranar da direkta ya juya kai

Har gobe ban manta ranar da anka kulle muna shafinmu na intanet ba. Lokacin ina ma'aikaci a biro, wato ofishin kula da lafiyar dabbobi nan Malanville, ni ka rubuta sanarwa. Ran wata Litinin, ƙarshen damina, allurar shanu ta iso daga Kotonu. Ita allurar ga cikin sanyi ake aje ta, firijinmu kuwa sai ya ga dama. Likita ya ce in ta wuce Alhamis sai zubarwa. Dole makiyayan Madécali da Garou su ji da wuri su kawo garke.

Can dauri mai shela aka turawa, amma yanzu kowa salula yaka dubi. Sai na ɗora sanarwa bisa shafinmu, na haɗa da hoton bakin wata saniya duk gyambo, don su gane cutar. Wallahi ko awa ba a yi ba shafin ya ɓace. Wai, in ji kamfanin da ke riƙe da shafukan, hoton na da ban tsoro. Bakin saniya fa!

Direktanmu dattijo ne mai son ƙa'ida. Ya sa sakatariya ta buga takardar ƙorafi zuwa ga kamfanin, ya sa hannu, ya danna hatimin gwamnati har biyu.

"Ungo, Isuhu, kai musu."

"Ranka ya daɗe direkta, ina?"

"Bironsu mana."

"Ba su da biro nan."

"Kotonu fa?"

"Ko can ban taɓa ji ba."

Ya cire tabarau. "To wa ya ba su izinin rufe bakin gwamnati cikin ƙasarta?"

Ya kira abokinai, babba cikin jandarma. Wancan ya yi dariya, ya ce a nuna mishi mutum ya kamo, shi bai iya kama iska.

Talata na iske hanya ɗaya tak: kamfanin ya ce mai shafin ya nuna fuskarshi ga salula. Direkta ya gyara hula, ya zauna. Mutumin da in ya shigo muke miƙewa tsaye, sai ga salula na ce mishi ya juya hagu, ya juya. Dama, ya juya. Ya ɗaga haɓa, ya ɗaga. Sakatariya ta fita da gudu tana toshe baki. Sau uku, duk salula ta ce ba ta san shi ba.

Nan na tuna ashe da sunana da hotona na buɗe shafin tun farko. Na ji kunya ƙwarai. Na amshi salula, na juya kai sau ɗaya, shafi ya buɗe.

Direkta ya dube ni, ya ce, "To, ranka ya daɗe, a taimaka a yi muna sanarwa."

Laraba da Alhamis shanu sunka cika fili, ko kwalba guda ba mu zubar ba.

Ku yaran yanzu, abin da na koya ke nan: aikinmu na hannun wanda makiyayi ka ji ta bakinshi, kuma wannan ba kullum gwamnati ba ce. Kada ku aje bakinku gidan wani. Mun rubuta a maida shafin da sunan biro, shiru kake ji. Shekarata biyu da ritaya, amma duk ran da ya kulle, sai an turo babur har gida an ɗauke ni in je in juya kai.