Tagar da Baba Mai Tsumma Ya Goge

Shekara ashirin da shida Baba Mai Tsumma ya yi yana share ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Matarsa takan ce ko kabari aka haƙa masa, sai ya karkaɗe gefensa kafin ya yarda ya kwanta.

A tsakiyar ɗakin akwai wata tukunyar ƙarfe mai 'yar tagar gilashi. A ciki ake kunna plasma, wato iskar gas da lantarki ya sa take haske. Wata ɗaliba ce ke aiki da ita. Takan zuba wata ƙura ta musamman, ƙurar ta tsaya tana shawagi, ita kuma ta auna zafin ƙwayoyin daga hasken da ke fitowa ta tagar.

"Ni ina korar ƙura," in ji Baba, "ke kina duba ta ko tana zazzaɓi."

"Baba, digirina a cikin ƙurar nan yake. Don Allah kada ka taɓa tukunyar."

Ya kiyaye. Amma wata safiya ya ga gilashin ya yi dusu-dusu daga waje, hannunsa ya riga tunaninsa. Shafa biyu, taga ta yi tas, ya wuce abinsa.

Ashe da wannan dusu-dusun ta daidaita na'urarta. Daga ranar, awonta ya daina dacewa da na wata huɗun baya. Ta canja waya, ta canja kyamara, duk ta rame. Ran da ya ji tana gaya wa Farfesan da ke duba aikinta cewa hasken ya ƙaru haka kawai, sai ya gane gogewar da ya yi ce. Yana tsaye bakin ƙofa riƙe da bokiti, maganar ta zo masa har leɓe. Saura wata bakwai ya yi ritaya, kuma ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba. Ya ce a ransa sai gobe.

Gobe ta yi ta haihuwar gobe. Daga ƙarshe Farfesa ya ce hanyar awon ce ba ta da kyau. Ɗalibar ta haƙura da digirin, ta nemi koyarwa a wata sakandare.

Ran da za ta tafi ta same shi yana wanke tsumma.

"Baba, kai kaɗai ne ba ka taɓa sa mini ciwon kai a ɗakin nan ba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce, idonsa na cikin bokiti.

Yanzu yana gida. Mota biyu ce tsakaninsa da makarantar tata. Sau ɗaya ya je, ya tsaya jikin ajin yana jin muryarta, har aka kaɗa ƙararrawa. Kafin ta fito ya juya.