Inna Tsaya-Tukuna Ta Miƙa Mukullai

Da sassafe, kafin jikokinta su fara cigiyar takalman makaranta, ta riga ta jawo kujera gaban teburin da ke jikin taga, kofin shayi a hannu, kwamfuta a buɗe. Shekara goma sha biyu ke nan tana haka, ba albashi, ba takardar yabo. Abokan aikinta suna kiranta Inna Tsaya-Tukuna, kuma a makon nan ta miƙa aikin. Yau kam sai mun faɗi ko wace ce ita.

Manhajar da take kula da ita buɗaɗɗiya ce, kowa na iya ɗauka kyauta, kowa na iya sa hannu ya gyara. Da ita ƙananan asibitoci ke rubuta rigakafin yara. Sai dai tana jingine da wasu ƙananan manhajoji kusan arba'in da wasu mutane suka rubuta, kowace tana sauyawa ranar da ta ga dama. Inna ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya, ta gano wacce ta sauya, wacce za ta yi rigima da maƙwabciyarta.

Wata rana Dogo, injiniyan da ya fi kowa saurin hannu a cikin abokan aikinta, ya kira ta ta bidiyo yana zumuɗi.

"Inna, harshen kwamfutar da muke rubuta manhajar da shi ya fito da sabuwar siga. Mu yar da tsohuwar, aiki zai ninka sauri."

"Tsaya tukuna, ƙanena," in ji ta.

Ta sauko da wata tsohuwar kwamfuta daga saman kabad, mai tsagaggen gilashi, ta gwada gyaran nasa a kai. Manhaja ta ƙi buɗewa ƙememe.

Dogo ya yi dariya. "Wa ke amfani da wannan gwangwanin yanzu?"

Sai ta karanta masa saƙon wata ma'aikaciyar jinya. Irin kwamfutar ce sak a asibitinsu, sunayen yara ɗari tara na ciki. Da gyaran ya fita, da iyaye mata sun yi layi ranar Litinin ba wanda ya san yaron da ya karɓi allura da wanda bai karɓa ba. Dariya ta ɗauke.

Amma Inna ba ta hana ci gaba ba. Wata uku ta yi tana lallaɓa sigogin biyu su yi tafiya tare. Ta rubuta sanarwa da maganar da kowa zai gane, ta sa rana, ta riƙa kiran ma'aikaciyar jinyar tana cewa, "Danna nan, 'yar uwa, faɗa mini abin da kika gani." Ranar da asibiti na ƙarshe ya koma sabuwar siga, ba sunan yaro ɗaya da ya ɓata. Dogo ya tashi ya taka rawa a ofis, har ya ture kujera.

Ke ce mai duba ƙofar baya, Inna. Ke ce kika koya mana tambayar wa za a bari a baya kafin a tashi. Mukullan kula da manhajar yanzu suna hannun Dogo, kuma jiya da kansa ya zo ɗaukar gwangwanin nan, ya rungume shi kamar jariri.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma masu rubuta manhaja, akwai irinta a bayan duk abin da kuka ɗauka kyauta. Ku nemo ta, ku gaishe ta, ku karɓi wani ɓangare na kayan tun tana da ƙarfin nuna muku yadda ake ɗauka.