Adda Sa'adatu, Mai Tafiretar Bakin Gidan Waya

Kafin ƙarfe bakwai na safe Adda Sa'adatu ta fito daga gidanta da ke unguwar Turaki a Jalingo, tafireta a kai naɗe cikin tsohon zane, jakar takardu a kafaɗa. Ba ta hawa acaɓa, ta ce girgiza tana kwance wa na'urar ƙusoshi. Da ƙafa take takawa har gindin darbejiyar nan ta kusa da gidan waya, inda teburinta da benci biyu suke kwana ɗaure da sarƙa. Sai ta share wurin, ta yayyafa ruwa, ta goge haruffan tafireta da tsohon burushi, ta jera farar takarda da kabon. Kafin ta zauna benci ya cika da samari da 'yan mata, kowa rungume da ambulan, kowa ya zo a buga masa takardar neman aiki.

Shekara goma sha huɗu tana haka. A watan jiya ta daina fitowa, domin yanar ido ta hana ta ganin ƙananan haruffa. Ba a yi mata walima ba, ba wanda ya ba ta lambar yabo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Hayatu, ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zauna a bencin nan.

Asalinta ma'aikaciyar gwamnati ce, mai buga takardu a wani ofis, tun Jalingo tana ƙarƙashin Gongola. Da aka zo rage ma'aikata a farkon shekarun tamanin, ita aka miƙa wa jerin sunayen waɗanda za a sallama ta buga. Tana cikin bugawa ta iske nata sunan, na goma sha bakwai. Waɗanda suke ofishin ranar sun ce ta ɗan tsaya, ta gyara zaman mayafinta, ta buga shi kamar sauran, ta kai wa shugabanta takardar babu kuskure ko ɗaya. Mijinta ya rasu shekara guda kafin nan, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da haƙƙin sallamarta ta sayi tafiretar hannu a Yola, ta dawo ta kafa tebur a gindin bishiya.

Ni na san ta ne a 1992, 'yan watanni bayan an ƙirƙiro Taraba. Garin ya cika maƙil a lokacin. Daga Wukari, Zing, Bali, Gembu, kowa ya ɗauko satifiket ya taho, wai sabuwar jiha tana neman ma'aikata. Na zo daga Mutum Biyu da difloma da riga ɗaya ta kirki. Na miƙa mata wasiƙar da na rubuta da hannu, shafi biyu cur. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Hayatu, wannan ta neman aiki ce ko ta neman sadaka?"

Na ce, "Ta aiki ce, Adda."

"To na ga maraici, na ga ƙanne shida, na ga don Allah don Annabi har sau uku. Ban ga abin da ka iya ba. Wanda zai karanta wannan shi ma yana da ƙanne a gida. Me ka taɓa yi da hannunka?"

Na ce ban taɓa aiki ba. Ta ci gaba da tambaya, tana tono ni a hankali, har na faɗa mata cewa duk hutu nakan tara manoman ƙauyenmu a zauren kawuna ina koya musu karatu, kuma sama da talatin yanzu suna iya rubuta sunayensu.

Ta ce, "Kana da wannan ka ɓoye, ka fito da kuka? Miƙo min takarda."

Layi goma sha biyu ta buga. Ban samu aikin ba a karon farko, ban samu a na biyu ba. Duk lokacin da na dawo sai ta sa ni in maimaita mata tambayoyin da aka yi mini a intabiyu da amsar da na bayar, ta nuna mini inda na yi surutu da inda na yi shiru ba dalili. Ta ce in isa wurin kafin a buɗe ƙofa, in tambayi sunan masinja in gaishe shi da shi, domin shi ya san ranar da fayil ke motsi. A karo na uku aka ɗauke ni malamin yaƙi da jahilci. A wannan fanni nake har yau.

Adda ba ta da laushin baki, wannan kowa ya sani. Ta kori masu neman ta ƙara musu kiredit a takarda, ta kori masu son a rage musu shekaru. Ba ta taɓa ce wa kowa za ta samo masa aiki ba. Takan ce, "Ni ba ni da aiki a jakata. Abin da nake da shi, in gyara maka yadda za ka nema."

Sai shekarun wuya suka zo. Aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, albashi ya koma zuwa a makare, layin mai ya kai inda ido ba ya gani. Masu digiri suka koma tura baro a kasuwa. A cikin wannan hali, a daminar 1995, wani mutum ya bayyana a gari, mai kwat da farar Fijo. Ba wanda ya san ainihin sunansa, Mai Fijo ake ce masa. Ya ce yana da hanya a sama, akwai guraben da ake cikewa a ɓoye, wanda ya kawo abin da ya yanka za a ba shi takardar kama aiki.

Cecilia, wata 'yar Zing da ta gama makarantar koyon aikin lafiya shekara biyu ba aiki, tana zaune a benci ranar da ya zo wurin Adda. Ita ta ba ni labarin. Ta ce ya ajiye takardu masu kan wata ma'aikata da hatimi a ƙasa, da jerin sunaye arba'in da uku. Yana son a buga wa kowane suna takardar kama aiki kafin Juma'a, zai biya ninki biyar na abin da take karɓa.

Adda ta ɗauki takarda ɗaya ta ɗaga ta a rana, ta duba hatimin, ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikatar nan ba ta da masu buga takarda ne, sai an zo gindin bishiya?"

Ya ce injinansu sun lalace.

"Duka? To ina lambar fayil? Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga irin wannan, ban taɓa ganin wadda ta fita ba lamba ba. Kwashe kayanka."

Ya sassauta murya ya ce ta yi tunani, mace mai marayu ba ta wasa da abinci. Da ya ga ba ta ko dube shi ba, sai ya ce wurin nan da take zaune ba na ubanta ba ne, yana iya sa a tashe ta gobe.

Ta ce, "Allah ya kai mu goben."

Yana tafiya Cecilia ta fashe da kuka, domin sunanta na cikin jerin. Ta ce, "Adda, mamana ya riga ya samu mai sayen injin niƙa nashi. Gobe za a zo a ɗauka." Adda ta rufe tafireta, abin da ba ta taɓa yi da rana tsaka ba, ta raka ta tasha ta sa ta a motar Zing, ta ce ta je ta hana cinikin.

Yawancin sunayen nan ta san masu su, ita ta buga musu takardu. Kwana uku tana yawon unguwanni, Abbare, Sabon Gari, Magami, gida gida, tana faɗa musu abin da ta gani. Wasu suka saurara. Wasu suka ce baƙin ciki take yi don ba ta hannunta abin ya biyo ba. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Njidda, wani saurayi mai difloma a kiwon dabbobi, wanda ya riga ya kai bijiman mahaifinsa biyu kasuwar Iware. A gaban jama'a ya ce mata ta tsufa a gindin bishiya, tana son kowa ya tsufa tare da ita.

Safiyar Litinin ta zo ta tarar an yanke sarƙa, babu tebur babu benci. Ba ta koma gida ba. Ta aro kwali wurin mai shago, ta shimfiɗa zanenta a ƙasa, ta ɗora tafireta ta ci gaba da aiki. Mako biyu tana bugawa a durƙushe, masu jira suna tsaye, har wani kafinta ɗan unguwarsu ya haɗa mata wani teburin.

Mai Fijo ya samu wanda ya buga masa takardunsa a wani wuri. Mutum goma sha tara suka karɓa, suka yi wanka suka yi ado suka tafi kama aiki. A can aka ce ba a san da zancen ba, har aka tsare wasunsu ana tambayarsu inda suka samo hatimin. Shi kuwa ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Sauran ashirin da huɗu, waɗanda suka ji maganar Adda, ba su yi asarar ko akuya ba. Injin niƙan mahaifiyar Cecilia yana nan yana aiki, ita kuma tana wani asibitin kuɗi a nan gari tun bara waccan.

Adda, ke ce kika ga kuɗi ninki biyar a kan teburinki, a shekarar da buhun masara ya gagari ma'aikaci, kika ture. Ke ce kika bi mutane har ƙofar gida don ki tsare musu dukiyarsu, suna zaginki. Uwar masu ambulan, ba ki da ofis ba ki da hatimi, amma kin fi masu ofis da yawa riƙon amana.

Wata guda bayan haka Njidda ya dawo. Ina wurin ranar. Ya tsaya nesa da benci, ya rasa ta inda zai fara. Ita ta fara yi masa magana da Fulatanci, ta tambaye shi lafiyar gida, ya amsa kansa a ƙasa. Sannan ta ce ya matso ya zauna.

Ya ce, "Adda, ki yafe mini. Ko gida na kasa zuwa, ban san da idon da zan kalli Baffa ba. Ki buga mini wata takardar, ko masinja ne zan yi."

Ta ce, "Na yafe. Amma ba zan buga ba. Na buga maka tara, ina amsarsu? Gaya mini, daga Iware zuwa rugagen bayan dutse, likitan dabbobi nawa ne ke shiga?"

Ya ce babu.

"Kai kuma ka karanta, kana jin yaren makiyayan, sun san mahaifinka. Shekara uku kana jiran kujera, shanu suna mutuwa a daji. Je ka gaya wa Baffa gaskiya, zai yi faɗa ya gama. Daga nan ka nemi keke da jakar magani."

Bai ji daɗin maganar ba, na gani a fuskarsa. Amma ya tafi. Yau duk wanda ya shiga kasuwar Iware zai ga shagon maganin dabbobi na Njidda, da mutum uku suna aiki a ƙarƙashinsa. Ya mayar wa mahaifinsa bijimai tun shekarar farko.

Ba duk wanda ya zauna a bencinta ne ya dace ba. Akwai waɗanda har yau suke nema, akwai waɗanda suka gaji suka koma gona. Amma ban san mutum ɗaya da ya tashi daga wurinta da ƙarya a cikin ambulan ba, ko wanda ya tashi yana ganin kansa ba kowa ba. Mu da muka samu kuwa ba ta sake mu ba. Ita ta ce mini kada in sa hannu a takardar da ban karanta ba, ko wa ya miƙo ta. Ita ta ce in albashi ya makara kada in huce a kan wanda ya zo neman taimako a teburina, in nemi 'yar gona a bakin kogin Mayo-Gwoi in riƙa shuka alayyafo. Na yi, kuma gonar ce ta riƙe gidana a watannin da ba a biya mu ba.

Ranar Asabar na je gaishe ta a Turaki. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa da lalube. Ta gane muryata tun daga zaure. Bayan gaisuwa na fara yi mata godiya, ta katse ni.

"Malam Hayatu, an ce yanzu kana da ofis naka, har da labule."

Na ce haka ne.

"To bana, cikin yaran nan masu yawo da takardu, mutum nawa ka zaunar ka duba musu abin da suka rubuta?"

Na fara ƙirgawa, ban samu ko mutum ɗaya ba.

Ta ce, "Ba aiki na ce ka ba su ba. Kujera da minti goma."

Adda Sa'adatu, mun gode. Useko, in ji Fulani. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa 'ya'yan mutane. Mu kuma da muka wuce ta hannunta, muna nan a ma'aikatu da makarantu da asibitoci da shaguna, mun fi ɗari. Tambayar da ta yi mini ba ni kaɗai ta yi wa ba. Gobe Litinin wani zai tsaya a ƙofar ofishinka, ko ofishinki, takalminsa duk ƙura, yana jin kunyar shigowa. Ni dai na riga na sa an ƙara kujera a nawa.