Ƙullin Ƙarshe a Igiyar Baffa

An tura ni aiki wani asibitin sha-ka-tafi tsakanin Tudun Wada da Doguwa, lokacin ruwan Tiga bai daɗe da kwanciya a kan gonakin mutane ba. Na iso da akwatin ƙarfe, da farar riga mai guga, da littafin bitar da na haddace don jarrabawa. Littafin ya jera cututtuka tun daga kai har tafin ƙafa, kowace da alamunta da maganinta. Abu ɗaya kawai marubucin ya ga ba sai ya faɗa ba, wato mara lafiya zai zo da kansa.

Shugabana wani dattijo ne da kowa ke kira Likita, ko da yake takardarsa ba ta kai tawa ba. Kayan aikinsa manyan kwalabe uku ne, ja da fari da baƙi, sai ƙwayoyi a gwangwanaye, sai babur. Abin sauraron ƙirjinsa kuwa yana rataye a ƙusa, ya daɗe har zanzaro ya yi gida kusa da shi. Ni Mai Littafi yake ce mini, a gaban kowa.

Kowace ranar kasuwa wani dattijon Bafillace yakan zo daga rugarsu da ke gindin duwatsu, tafiyar kamar awa uku a ƙasa. Baffa muke ce masa. Shi yake ɗauko ciwon rugar gaba ɗaya, a igiyar rama, kowane ƙulli mutum guda. Sai ya tsuguna ya kama ƙulli ya faɗi ciwon, inda baki ya gaza ya kwaikwaya. Na ga ya yi tarin tsohuwa, ya yi ɗingishi, ya yi susa, Likita yana gyaɗa kai yana zuba magani.

Ranar farko na ce, "Likita, a makaranta an ce sai an ga mara lafiya, an taɓa, an saurara."

Ya ce, "Gaskiya suka faɗa. Ga hanya nan, ka gaishe su."

Bayan wata biyu ya gaji da gyaran da nake yi masa. Da Baffa ya shigo, sai ya tura mini kujerarsa ya koma gefe da goronsa. Ƙulli shida ne ranar. Na farko tari. Na biyu fitsarin jini, na ce tsargiya ce. Na uku kurkunu, na huɗu ƙazuwa. Ina rubuta sunan kowace cuta da Turanci a katin mutumin da ban taɓa gani ba, ina jin ilimi ya iso daji. A na biyar Baffa ya gyara zama. Ya faɗi ranar da abin ya fara, da abin da ta ci, da yadda idonta ya yi, har da ciwon da uwarta ta taɓa yi. Na cika rabin kati kafin na gane saniya ce.

Daga nan ya fara naɗe igiyarsa.

Na ce, "Baffa, saura ɗaya."

"Wannan ba komai. Wata ce a can gida, ƙafa ta ɗan tashi."

Bai kwaikwayi komai ba, ƙofa yake kallo. Na tambayi sunanta, ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Na tambayi shekarunta, ya ce bai ƙirga ba. Littafina ya kawo dalilai da dama na kumburin ƙafa. Na zaɓi ƙarancin jini, domin shi ne muke da ƙwayarsa da yawa. Har na ƙunshe a takarda, sai Likita ya ajiye goronsa.

"Baffa, na ji an yi suna a rugarku kwanakin baya."

"An ce an yi."

"Ita mai ƙafar, a kwance take barci ko a jingine?"

Baffa ya daɗe yana murza ƙullin. "Mata sun ce a jingine."

Likita ya miƙe ya zare abin sauraron ƙirji daga ƙusa ya hure masa ƙura. Ya juyo wurina ya rage murya. "'Yarsa ce ta fari, Mai Littafi, ta zo gida wankan jego. Ba zai faɗi sunanta ba ko za ka kwana kana tambaya. Zuciyarta ce ke gazawa. In muka ba ta ƙwayarka, ba za ta ga kasuwa mai zuwa ba. Ɗauko akwati."

Sai a kan babur na gane sauran ƙulli biyar ɗin rakiya suka yo. Baffa kuwa ya ƙi bin mu, wai yana da sayayya.

Mun same ta a jingine a kan gadon ƙasa, wuta na ci a ƙarƙashi, ɗakin kamar tanda. Jijiyoyin wuyanta sun tashi, ba ta iya haɗa kalma uku sai ta tsaya neman numfashi. Na danna ƙwaurinta, yatsana ya bar rami. Na saurari bayanta, na ji ruwa yana ƙara a huhu, daidai yadda littafin ya ce. Ga ƙwaryar kunun kanwa a gefe, ga tukunyar wanka tana tafasa a waje. Uwarta ma kunya ta hana ta shigowa, kakarta ce mai mulkin ɗakin.

Kakar ta ce sanyi ne ya shige ta, gobe za a ƙara itace. Na gyara murya na soma bayyana mata cewa zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kuma kanwa tana tara ruwa a jiki. Ta bari na kai aya.

"Ɗan nan, haihuwa nawa ka yi?"

Likita ya durƙusa ya gaishe ta, ya yaba wankan, ya ce bai taɓa ganin kulawa irin wannan ba. Sannan ya nuna mata allura. "Inna, wannan mai ƙarfi ce, daga Kano. Aibinta ɗaya, ba ta shiri da kanwa, ba ta shiri da wuta. In suka haɗu a jiki, ba ruwana."

Tsohuwar da kanta ta janye itacen.

Likita ya yi wa mai jegon allurar da ke sa fitsari, ya ba ta ƙwayar zuciya, ya ce kada a kwantar da ita, da safe a kai ta bakin titi a sa a motar kasuwa zuwa babban asibiti, ya rubuta takarda. Kafin la'asar sakaliya ta fita bayan ɗaki sau uku, numfashin ya ɗan lafa. Muna haɗa kaya muka hango Baffa ya ɓullo ta hanyar ƙafa, jiƙe da gumi, ba ko ƙullin gishiri a hannunsa. Bai dubi ɗakin ba. Ya wuce kai tsaye wurin saniya, ya tsaya inda zai ji abin da muke faɗa.

Kasuwa uku bai zo ba. A ta huɗu ya shigo da igiyarsa, ƙulli biyu sababbi, da wani tsohon ƙulli a can ƙarshe da ya yi baƙi don murza. Da muka gama da biyun, sai ya sa haƙori ya kwance tsohon, yana ba Likita labarin saniya.

Ban daddara ba. Na ce, "Baffa, yaya mai jiki?"

"Wace?"

Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya ɗauki sandarsa. Sai da ya kai ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ce har tana daka."

Likita ya ce, "To ka ce a ce mata ta ajiye taɓaryar nan sai bayan kaka."