Mai Guga da Kwarin Bayan Shago

Akwai wani aibi da ya zama ruwan dare a cikin mutane: da zarar an ce musu "an riga an duba wurin nan," sai su riƙe maganar tamkar hujja, ba mai tambayar wa ya duba, ko yaya ya duba. Wannan aibi ne ya raba wani mai wanki da guga da gawar matarsa shekara da shekaru.

Tun suna da ƙuruciya tare suke aiki, shi a kan teburin guga, ita a wajen shanya. Takan ɗaga rigar da ya gama, ta ce, "Maigida, wannan goge ta ka yi ko lallashinta?" Shi kuwa sai ya miƙa mata dutsen guga, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga wuri." Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama ta, har takan kira 'yarsu da sunan ƙanwarta.

Wata safiya ta fita, ba ta dawo ba. Maƙwabta suka bazu tasha da asibitoci da hanyar garin iyayenta, domin kowa ya yanke cewa mai mantuwa gidan haihuwarsa yake nufa. A bayan shagonsu kuwa akwai wani kwari mai sarƙaƙiya, inda suke shanya a da, kafin ruwa ya zaftare gefensa. Wani ya leƙa daga sama, ya ga ganye, ya ce ba kowa. Maganar ta zauna. Damina ta jibge yashi, ciyawa ta rufe yashin.

Mai guga bai daina nema ba. Duk ranar hutunsa sai ya rufe shago ya shiga mota, hotonta a aljihu.

"Baba, ka huta haka nan," in ji 'yarsa.

"Na san ta rasu, 'yata. Wurin da zan tsaya in yi mata addu'a nake nema."

Daga baya leburori masu haƙa magudanar ruwa suka tono ƙasusuwa a kwarin. Tare da su akwai awarwaronta, da wani ƙaramin bokiti da tsatsa ta cinye, wanda shi ya daɗe yana zaton sace shi aka yi. Ya ɗauki bokitin, ya dube shi. Ashe ita shanya ta tafi. Sun neme ta a matsayin marar lafiya, alhali a ranta ma'aikaciya ce da ta makara.

Aka yi mata sutura. Mai guga bai zargi wanda ya leƙa ba, domin shi ma bai sauka ba. Ya ci gaba da sana'arsa har tsufa ya ci ƙarfinsa, yana ziyartar kabarin da riga a goge sumul. Da ya rasu, 'yarsa ta roƙa aka binne shi kusa da ita.