Wa Zai Sha Ruwan Tare da Ni, Yaya?

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, ana kiran sallar la'asar, Allah ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan 'yar gajeriyar jinya a asibiti. Tela ce, duk layinmu babu matar da ba ta taɓa sa ɗinkinta ba. Ta bar miji da yara, ta bar Umma, ta bar ni autarsu, wadda har yanzu ban san inda zan sa kaina ba.

Yaya, gida ya cika, kowa yana faɗin alherinki, daga wadda kika yi wa ɗinki kyauta sai wadda kika kwana a jinyar ɗanta. Nawa ba ya faɗuwa a cikin taro, shi ya sa nake rubuta shi.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na samu ciki ya zube tun yana ƙarami. Likita ya ce duk sanda na sake samu, a riƙa yi mini hoton ciki a kai a kai. Ƙaramin ciki kuwa ba ya fitowa sosai a na'ura sai mara ta cika, saboda haka sai mace ta sha ruwa mai yawa kafin a kira ta, ta kuma riƙe fitsari har a gama. Ranar farko na kasa. Na sha, na matsu, na ruga banɗaki, ina dawowa ana kirana. Mai hoton ya duba, ya ce in koma in sake daga farko. Na zauna a bencin ƙarfen nan ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Zuwa na gaba kika rufe shago, kika biyo ni da gorar ruwa biyu. Kika ce, "Auta, kofi ɗaya ke, kofi ɗaya ni. Wadda ta fara tashi ita ce raguwa." Haka muka zauna muna murɗe ƙafafu, kina ba ni labarin masu kawo ɗinki don in manta, in na fara dariya kuma ki daka mini tsawa, wai dariya ce ke karya mutum. Wata mata a layi ta tambaye ki ko ke ma hoton za ki yi, kika ce a'a, ke 'yar rakiyar fitsari ce. Har malamar jinya sai da ta dafa bango don dariya.

Ke kika ɗinka mini riga da siket masu sakewa, don kada in tsaya kokawa da doguwar riga a kan gadon hoto. Idan aka shafa mini man nan mai sanyi aka ɗora na'ura, ni rufe ido nake yi, ke kike kallo. Allon ba ki iya karanta shi ba, amma kin iya karanta fuskar mai hoton. Ranar da zuciyar ɗan ta tsaya, kin sani kafin ya buɗe baki. Kika sa gefen mayafinki kika goge mini man, kika ce, "Tashi mu je gida, Auta, Allah bai manta da ke ba."

Ke ma kina da naki ciwon, a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. An ce a yi miki hoton matsarmama, shi kuma nasa sharaɗin daban ne: a zo ba a ci komai ba tun daren jiya. Kika zaɓi ranar da nake zuwa don mu tafi tare. Amma tsoro yana hana ni cin abinci, kin kuma san ba zan ci ba sai na ga kina ci. Sai ki gutsiri burodi, ki kurɓi shayi da madara, ki tura mini sauran. Mai hoton ya mayar da ke, ya sake mayar da ke, har ya yi miki faɗa. Sai ki yi dariya ki ce naki ba ya gudu. Sanda aka yi miki hoton, kina kwance ne ba ki iya ko ɗaga kai.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, likita ma bai ce da an yi da wuri da kin tashi ba. Amma wallahi, Yaya, ina jin haushinki. Safiya ɗaya tak ta gagare ki ki bar ni da yunwata? Allah ya yafe mini wannan magana.

Yanzu ga ni da ciki, ya shiga wata na uku, daidai inda sauran suka tsaya. A gida, daga ke sai maigidana kuka sani. Umma ban faɗa mata ba, kukan da take yi ya ishe ta. Tun ranar da aka fita da ke nake ganin jini kaɗan-kaɗan. Malamar jinya ta ce in zo gobe da safe, in sha ruwa, in riƙe. Maigidana ya ce zai kai ni, mutumin kirki ne, amma a bakin ƙofa zai tsaya yana jan carbi. Wa zai sha ruwan tare da ni? Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba ni da ƙarfin sake jin an ce babu, kuma ba ni da ke.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Baban yara, da 'ya'yanmu da ta bari, da Umma wadda za ta ji maganar cikin nan a wannan rubutu. Ki yi haƙuri, Umma, ki sa ni a addu'a.

Ya Allah, ka bar mini wannan, ka bar mini shi. Idan kuma ya riga ya tafi ban sani ba, to ka haɗa shi da Yaya, kada ya tafi shi kaɗai.